Yadda ake yanka, huda, lanƙwasa da walda fallen titaniyam ba tare da ka ɓata shi ba

Ranar da na fara walda titaniyam na ɗauka ai sitenles ne kawai mara nauyi, na kunna TIG, wato injin walda mai tsinken tangistin da iskar agon, na ja layi kamar yadda na saba, waldar ta fito shuɗiya shar da ɗan shunayya a gefe har na tsaya ina kallonta don kyau. Na sa guntun a bais na ɗan buga masa guduma, ji kake ƙas, ya rabe biyu kamar gilashi. Wanda ya koya min aikin ko uffan bai ce ba, ya ɗauki guntun ya nuna min shuɗin da yatsa ya ajiye ya ci gaba da abin da yake. To wannan shuɗin shi ne rabin abin da zan faɗa maka a nan. Titaniyam ba taurinsa ne ke wahalar da mutum ba, abu biyu ne, datti da iska idan ya ɗau zafi.

Kafin mu shiga, ga ɗan abin da ya kamata ka sani don ka gane dalilin kowane mataki. Falle mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, kaurin milimita ɗaya, nauyinsa kilo 4.5 ne, na baƙin ƙarfe kusan 7.85, na alminiyam 2.7. Sai zafi ya kai digiri 1668 yake narkewa. Ba ya tsatsa don da ya ji iska sai wata siririyar fata ta rufe shi wadda ido ba ya gani, in ka kankare ta take ta dawo. Amma da zarar ya haura wajen digiri 425, wannan son iskar da yake yi sai ya zama masifa, ya riƙa shan oksijin da naitirojin da haidirojin zuwa cikin jikinsa, ya yi gautsi. Kuma ba ya watsa zafi, inda ka zafafa nan zafin zai tsaya, shi ya sa yake cinye bakin dirila. Sannan yana da tsiyar komawa baya in ka lanƙwasa shi. A ƙa'idar ASTM B265 wadda yawancin masu sayarwa ke bi, abin da bai kai kaurin milimita 4.75 ba falle ne, daga 4.75 zuwa sama kuma fileti.

Misalin da zan yi amfani da shi ɗan tire ne mai bango huɗu, daga falle gired 2 (gired shi ne lambar nau'in titaniyam, bayani na zuwa a mataki na 1) mai kaurin milimita 1.5, yanki milimita 300 da 200, bango milimita 30. Nauyin yankin bai wuce giram 400 da ɗoriya ba. In ka iya wannan ka taɓa duk aikin da ake yi wa falle.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Fallen kansa da guntayen gwaji daga falle ɗaya, kar ka yi rowar guntaye, aƙalla shida.
Maganaɗisu da sikeli da ma'aunin kauri.
Injin sara falle, ko zarton inji mai bel, ko almakashin ƙarfe in fallen siriri ne.
Magagari sabo ko na kabaid, da burushin waya na sitenles SABO wanda bai taɓa wani ƙarfe ba. Ka rubuta masa Ti, wato titaniyam, a mariƙi ka ɓoye shi.
Bakin dirila na kobal ko kabaid, mai kaifi, gajere.
Ruwan sanyaya yanka wanda babu kulorin a ciki.
Asitan, da farin ƙyalle mara gashi, da safar hannu ta roba mai tsafta.
Injin TIG mai DC da kunnawa ta HF (wadda ke kunna wuta ba sai tsinken ya taɓa ƙarfe ba), tsinken tangistin mai kaurin milimita 1.6, babban kofi (bakin hannun walda da agon ke fitowa ta ciki) da gas lens (ragar da ke sa agon fita a natse), sandar ciko ta titaniyam mai lamba ERTi-2.
Agon zalla, wato gas ɗin da ke rufe walda daga iskar waje, 99.995 cikin ɗari ko sama, da rigileta mai baki biyu ko silinda biyu.
Sandunan jan ƙarfe na shanye zafi, kilam, tef ɗin alminiyam.
Bokitin busasshen yashi, ko abin kashe gobara na rukunin D, wato na gobarar ƙarfe.

1. Ka tabbatar titaniyam ne, kuma wane gired ne

Kar ka yarda da ido, sitenles da titaniyam in an goge su kusan kama ɗaya. Maganaɗisu ba ya kama titaniyam amma ai ba ya kama yawancin sitenles ma, don haka wannan gwajin baƙin ƙarfe kawai yake cirewa. Ka auna yankin ka ɗora a sikeli ka yi lissafi da 4.5 ɗin nan, in ya kusa ninkawa to sitenles aka ba ka. Gwajin da na fi so shi ne na giranda, ka ɗan taɓa gefen guntu, titaniyam zai watso tartsatsi fari fat mai haske har ya ɗauke maka ido, na ƙarfe ja ne ko ruwan lemo, alminiyam kuwa ba ya tartsatsi sam.

Gired kuma ba a gane shi da ido ko da giranda, sai rubutun da ke jikin fallen ko takardar shaidar da ta zo da shi. Gired 1 zuwa 4 su ne zalla, 1 ya fi taushi, shi ake matsewa a yi siraran farantan musayar zafi da ake sa wa ruwan teku. Gired 2 shi ne jakin aiki, tankunan sinadarai, masana'antar kulorin, wuraren tace ruwan teku, ƙarfinsa aƙalla 345 MPa (ma'aunin jan da ƙarfe ke jurewa kafin ya tsinke). Gired 5 an gauraya shi da alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4, ƙarfinsa aƙalla 895, shi ne na jiragen sama, jirgin Boeing 787 kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsa titaniyam ne. Gired 23 ɗan'uwan 5 ne da aka ƙara tacewa, shi likitoci ke ɗaure ƙashi da shi. Gired 7 yana da ɗan faladiyam don jure asid. In kai sabon shiga ne ka fara da 2, kar ka bari sunan gired 5 ya ruɗe ka, zai karya maka zuciya a wajen lanƙwasa.

2. Ka ware wurin aiki

Wannan mutane na raina shi. Teburin da aka yi girandar baƙin ƙarfe a kai cike yake da ƙurar ƙarfe, in ta shiga jikin titaniyam ta zauna, ranar walda ta narke a ciki ta ɓata wurin, in ma ba walda za ka ga ɗigo ɗigon tsatsa daga baya mai kaya ya ce ka cuce shi da jabu. Ka shimfiɗa katako mai tsafta ko kwali, in fallen ya zo da ledar kariya ka bar ta sai lokacin walda. Kar ka ja shi a kan teburi, ɗaga shi za ka yi, don ƙarzuwa ɗaya mai zurfi ta isa ta zama mafarin tsagewa a wajen lanƙwasa.

3. Zana layi

Kar ka yi amfani da tsinken zane mai kaifi a kan layin da za ka lanƙwasa, layin yanka kawai. A layin lanƙwasa ka manna tef ɗin takarda ka yi zanen a kan tef. Fensir ma ban so a wurin da wuta za ta bi saboda baƙin da ke cikinsa, maka kuma in ka yi amfani da ita ka goge da asitan kafin zafi ya taɓa wurin. A tiren namu ka ja layi milimita 30 daga kowane gefe, inda layuka suka haɗu a kusurwa huɗu ka sa alama, nan za a huda.

4. Yanka

In akwai injin yanka da ruwa mai ƙarfi, shi ne sarki, ba zafi ba ƙuna, musamman a fileti mai kauri. In babu, ga falle siriri injin sara ya wadatar, sai dai wuƙarsa ta zama mai kaifi kuma ba giɓi, kuma ka ɗauke shi kamar sitenles, ni dai ba na ba inji titaniyam mai kaurin da aka rubuta masa na baƙin ƙarfe, ina tsayawa ƙasa da haka sosai. Da zarton inji kuma dokar ita ce gudu kaɗan, dannawa sosai, ruwan sanyi yana zuba ba yankewa. In ka bar haƙoran suna shafa ba sa ci, minti biyu sun mutu.

Wuta fa? Filasma da gas duk suna yanka shi, gas ma yana tafiya a cikinsa da sauri abin mamaki, amma bakin da suka bari ƙonanne ne mai gautsi, dole ka cire aƙalla milimita ɗaya da rabi zuwa biyu har sai ka iske farin ƙarfe, a fileti mai kauri ma fiye da haka. To ka bar rara tun wajen zane. Faifan giranda ma haka, yana yi in ba yadda za ka yi, amma sabon faifai, a hankali, kana tsayawa yana hucewa, in ka ga bakin ya yi shuɗi ka san akwai aikin magagari a gabanka. Kuma ka duba inda tartsatsin ke sauka, yana da zafi fiye da wanda ka saba.

Bayan kowane irin yanka ka bi bakin da magagari ka cire ƙaya, ka ɗan zagaye shi ya yi sumul. Ka shafa yatsa da safa, in ta kama to bai yi ba.

5. Huda

A nan ne ake asarar bakin dirila. Abin da ke faruwa shi ne zafin ba ya bin ƙarfen ya tafi, yana taruwa a bakin dirilar, in kuma ka sassauta hannu bakin ya tsaya yana juyawa a wuri ɗaya sai ƙasan ramin ya yi tauri ya yi sheƙi, daga nan ko sabon baki ka kawo sai ya sha wuya. Don haka ka rage gudu ka ƙara dannawa. Bakin milimita 6, a gired 2 ina ba shi juyi 700 zuwa 800 a minti, a gired 5 wajen 500. Ka matse fallen da kilam a kan katako, ka ɗiga ruwan sanyi, ka danna da niyya, ka ga ɓawon yana fitowa a murɗe fari. In ramin mai zurfi ne ka riƙa fito da bakin gaba ɗaya kana share ɓawon kana komawa, amma kar ka tsaya a ciki yana juyi. Da ka ji ya fara kuka ko ɓawon ya canza kala, tsaya, bakin ya dakushe, canza shi. Kar ka ce bari in ƙarasa wannan ɗaya, wannan ɗayan ne zai karye a ciki.

In dirilar hannu kawai gare ka, sa ta a giya ta ƙasa, fara da ƙaramin baki na milimita 3, ka jingina jikinka a kai. A tiren namu ka huda rami na milimita 6 a kowace kusurwa sannan ka yanke murabba'in kusurwar zuwa ramin. Ramin nan shi ke hana kusurwar tsagewa in an lanƙwasa.

6. Lanƙwasa

Titaniyam ba ya son lanƙwasa mai kaifi irin ta kwano. Dole cikin lanƙwasar ya zama zagayayye, kuma zagayen da nake nufi a nan shi ne rabin kaurin sandar da za a lanƙwasa a kanta. Ga falle ƙasa da milimita 1.8, gired 1 yana ɗaukar zagaye ninki ɗaya da rabi na kaurinsa, gired 2 ninki biyu, gired 5 kuwa ninki huɗu da rabi. In ya fi haka kauri ka ƙara, gired 2 ya koma biyu da rabi, gired 5 biyar. Wannan shi ne iyakar ƙasa fa, ba wurin zama ba. Namu 1.5 ne, kenan milimita 3 ne iyaka, ni nakan ba shi 4 ko 5 hankalina kwance.

Sai maganar komawa baya. Ka lanƙwasa zuwa 90 ka saki, ka auna ka ga bai kai ba, wani lokaci da digiri goma ko fiye, gired 5 ma ya fi haka. Babu lissafin da ya kai gwaji, ɗauki guntu ka lanƙwasa ka auna ka ƙara har ka san yawan da za ka wuce da shi, ka rubuta. Ka gwada guntu ɗaya a tsaye ɗaya a kwance don falle ba ya ba da kai iri ɗaya ta kowace fuska, ya danganta da yadda aka murza shi a masana'anta. Ka tafi a hankali, kar ka fizga. Ka sa tef ko siririyar leda tsakanin fallen da bakin injin don titaniyam yana da halin mannewa da ƙarfen da ya goga ya yage fata.

In ba ka da injin lanƙwasa, ka sa fallen a bais tsakanin katako mai tauri da sandar ƙarfe zagayayya mai kaurin milimita 8 ko 10 da ka naɗe da tef, ka bi shi da gudumar roba kaɗan kaɗan daga wannan gefe zuwa wancan, kar ka gama gefe ɗaya sannan ka koma ɗayan. In sanyi ake sosai ka bar fallen ya ɗan ji ɗumi tukuna. Ɗumama gired 2 zuwa digiri 200 ko 300 yana rage komawa baya, amma da abin hura iska mai zafi ko tanda, ban ba sabon shiga shawarar kunna masa gas ba, kafin ka ankara ka wuce iyaka. Kuma in ka wuce da lanƙwasa kar ka yi ta kai da kawowa, sau ɗaya za ka iya gyarawa, na biyu sai tsaga. Ka duba bayan lanƙwasar da fitila, in ka ga ya yi kaushi kamar fatar da ta bushe ko ƙananan layuka, zagayen ya yi kaɗan.

7. Wanki kafin walda

Yanzu muka zo inda aikin yake. Ka goge duk wurin da asitan TUKUNA kafin burushi, in ka fara da burushi maiƙon kake turawa ciki. Sai ka bi bakin haɗin da magagari ko burushin nan naka na musamman, kamar milimita 25 kowane gefe, gaba da baya, sai ka sake gogewa da asitan da sabon ƙyalle har ƙyallen ya fito fari. Sandar ciko ma a goge ta, za ka sha mamakin baƙin da zai fito daga sandar da kake gani fes. Daga nan ba hannu tsirara, zufar yatsa da gishirinta sun isa su ɓata walda. Ka yi waldar a ranar, in ya kwana sake wanki.

Dan Allah kar ka yi amfani da feshin wanke birki ko wani mai wanki mai kulorin. Yana sa titaniyam tsagewa daga baya, kuma in hasken walda ya taɓa tururinsa yana zama iskar fosjin mai kisa. Asitan kuma ka rufe ka fitar da shi da ƙyallayen daga wurin kafin ka kunna wuta. Akwai wankin asid da masana'antu ke yi da haidirofulorik, wannan ba na ƙaramin wurin aiki ba ne, yana ratsa fata ya ci ƙashi, ka bar musu.

8. Shirya iska

Wuri uku ne dole agon ya rufe. Inda ake narkawa, wannan aikin kofi ne. Bayan haɗin, wato ɗaya fuskar. Da kuma layin da ka riga ka wuce wanda bai huce ba tukuna. Mutane na tuna na farko su manta biyun.

A kofi ka sa mafi girman da kake da shi, lamba 12 zuwa sama, da gas lens, iska kamar lita 10 zuwa 14 a minti. Kar ka ce bari in buɗe da yawa don tsaro, iska mai ƙarfi tana hargitsewa ta jawo ta waje ciki. Ka kashe fanka, ka rufe ƙofa, ko ka kafa kwali ya tare. Iskar bayan kashe wuta ka sa daƙiƙa 15 zuwa 25.

Na baya, a kusurwar tire abu ne mai sauƙi, ka yi ɗan aljihu da tef ɗin alminiyam ta ciki nesa kaɗan da zafi, ka sa siririn tiyo daga baki na biyu na rigileta, ka bar ɗan rami iska ta fita, ka bar ta ta gudana kaɗan kafin ka fara. In haɗin shimfiɗe ne, sandar jan ƙarfe mai kwari a tsakiya da ƙananan ramuka ita ce daidai.

Na layin da aka wuce ana sayar da wata 'yar rumfa da ake ɗaura wa hannun walda tana binsa tana zuba agon. In ba ka da ita ka haɗa da kanka, ɗan akwatin jan ƙarfe ko sitenles kamar tsawon yatsa, bututu mai ramuka a sama, ka cusa soson waya na sitenles mai tsafta don iskar ta sauko a hankali. In wannan ma babu, sai ka yi gajerun walda, milimita 15 zuwa 20 ka tsaya, kofi yana kai har ya huce, ka matse sandunan jan ƙarfe kusa da layin su sha zafin. Yana cin lokaci da iska amma yana yi. Bangon tiren milimita 30 ne, ja biyu ya gama.

Abin da ba a wasa da shi shi ne agon zalla. Iskar da ake sa wa injin waldar waya, wato MIG, mai gauraye da kabon ba ta yi ko kaɗan. Waldar sanda ta lantarki ba ta yi, waldar gas ba ta yi. In TIG da agon babu, ka haƙura da walda ka haɗa da ribit ko noti. Kuma in cikin tanki kake aiki ka tuna agon ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa ba wari ba kala, mutum sai dai ya sulale.

9. Waldar kanta

Inji a DC, hannun walda a nagatib, kamar na sitenles. A falle 1.5 ina farawa wajen amfiya 50 zuwa 60 in gyara a kan guntun gwaji. Ka fiƙe tangistin a dutsen da ba a wasa wani ƙarfe a kansa ba. Kunnawa ta HF, kar ka karta. Ka saki iska daƙiƙa biyu uku kafin wuta. Ɗigon kamawa ma walda ne, shi ma a ba shi iskarsa cikakkiya, ɗigo ɗaya shuɗi in ka bi ta kansa ya shiga cikin layin.

Narkakken titaniyam yana da ɗan danƙo, sandar tana son mannewa a gefen tafkin, wato wurin da ƙarfen ya narke, don haka ka tura ta tsakiya ka janye kaɗan, amma kar bakinta ya fita daga inuwar kofi. Wannan kuskuren kowa ya yi shi, ka janye sanda da zafinta ta sha iska ka mayar da ita ciki, ka zuba guba da hannunka kenan. Duk lokacin da ka tsaya ka duba bakin sandar, in ya canza kala datse shi. Wutar ta zama gajera, tafiya ba jan ƙafa, ba lilo gefe da gefe. In tangistin ya taɓa tafkin tsaya nan take, ka kankare wurin ka sake fiƙewa. Da ka kashe wuta kar ka ɗaga hannu, ka ƙirga har iskar ta ɗauke da kanta. In haɗin ya zauna ƙam ba giɓi, a falle siriri kana iya narka bakunan biyu ba ciko.

Wani abu kuma, titaniyam ba ya waldawa da baƙin ƙarfe ko sitenles ko alminiyam. Zai yi kamar ya kama, ka taɓa shi ya faɗi. Masana'antun da ke son fuskar titaniyam a kan fileti na ƙarfe da fashewar nakiya suke manna su.

10. Karanta kala

Ka duba gaba da baya, kafin ka sa burushi, don burushi yana share shaidar ne kawai ba ya gyara cikin. Fari kamar azurfa, madalla. Ruwan gwal mai haske, ya yi, goge ka ci gaba. Gwal mai duhu zuwa shunayya, iskarka ta fara gazawa, a aikin ado zai wuce amma ka nemo dalili. Shuɗi, ni ba na karɓa a duk abin da zai ɗau nauyi ko matsi. Ruwan toka ko fari mai gari kamar alli, wannan ya mutu. Kuma ba a gyara shi da sake bi da wuta, sai ka yanke wurin gaba ɗaya har farin ƙarfe ka sake daga wanki.

Amma kala ma tana ƙarya wani lokaci. In iskar waje ta shiga ta kofi lokacin da ƙarfen ke narke, rumfar baya kuma ta rufe shi da kyau yana hucewa, sai waldar ta fito fara alhali cikinta ya lalace. Shi ya sa kafin ka taɓa aikin gaske ka walda guntaye biyu, ka yanko siririn yanki, ka lanƙwasa shi a kan sanda zagayayya waldar tana waje. Mai kyau zai lanƙwasu ba tsaga. Ka kuma ja magagari a kan waldar da kan fallen, in a kan waldar yana zamewa ba ya ci, ta yi tauri fiye da kima, ka duba tiyo da mahaɗai ko akwai inda ke shan iska. Tsohon tiyon roba ya taɓa ba ni wahala kwana biyu ina zargin silinda.

11. Haɗawa da noti, da inda bai kamata a kai shi ba

Noti na titaniyam a kan titaniyam yana cijewa ya ƙi fita, ka shafa man hana cijewa. Kar ka sa noti mai rufin kadmiyam, yana sa shi gautsi. In za ka haɗa shi da alminiyam ko baƙin ƙarfe a wurin da ke da ruwa, musamman ruwan gishiri, titaniyam ba abin da zai same shi, abokin haɗin ne zai cinye, don haka ka raba su da wasar roba ko fenti. Kuma duk da sunan da ya yi na rashin tsatsa, asid haidirofulorik yana cinye shi, busasshiyar iskar kulorin tana iya kunna masa wuta alhali mai danshi ba ta yi masa komai, haka layin oksijin zalla mai matsi ba wurinsa ba ne.

12. Share wuri

Fallen kansa ba zai kama wuta ba, amma garinsa da siraran ɓawon huda suna kamawa, wutar fara ce mai tsananin zafi, in ka watsa mata ruwa sai ta ƙara haukacewa, abin kashe gobara na kabon ma ba ya yi mata. Busasshen yashi za ka zuba a hankali ka rufe ta ka bar ta. Don haka kar ka bari ya taru, kullum in an tashi a share da tsintsiya da abin kwasa, a zuba a gwangwanin ƙarfe mai murfi a ajiye a waje nesa da inda ake giranda. Kar ka zuƙe shi da injin shara na gida, kar kuma ka haɗa shi da ƙurar baƙin ƙarfe a injin zuƙa ɗaya. Guntayen da suka rage kuma ka rubuta gired a jikin kowanne kafin ka jefa a akwati, don bayan wata ɗaya ba kai ba, ko wanda ya sayar maka ba zai iya raba 2 da 5 da ido ba.